Akwai na'urar da ke gane shuka na cikin matsala tun kafin ganye ya nuna?

Tambaya: Ina noman tumatir na rani a Kadawa. Sai ganye ya fara yaushi ko ya yi rawaya nake gane akwai matsala, a lokacin kuwa an riga an makara. Na ji wai an ƙera wani abu da ake sa wa cikin ganye yana faɗin halin da shuka take ciki. Gaskiya ne, kuma zai amfane mu?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, sai dai har yanzu abin yana hannun masu bincike, bai shigo kasuwa ba.

Yaushin da kake gani labari ne da ya iso a makare. Da zarar tsutsa ta ciji ganye, ko zafin rana ya wuce kima, ko ƙwayar cuta ta shiga, cikin 'yan mintuna ƙwayoyin halittar ganyen suke fara fitar da sinadarin haidirojin feroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, amma ɗan mitsitsi. Shi ne ke kai saƙo sauran sassan shukar cewa a shirya kariya. Abin da na'urar take karantawa ke nan.

Waɗanda suka fi yin fice a aikin su ne ƙungiyar Farfesa Michael Strano na jami'ar MIT a Amurka, tare da abokan aikinsu a Singafo. Suna amfani da wasu 'yan bututun kabon da suka fi silin gashi siranta sau dubun dubata. Ana naɗe kowane bututu da wani sinadari da ke amsa abu ɗaya tak, a narka su a ruwa, a shigar ta ƙananan ƙofofin da ke bayan ganye, waɗanda shuka ke numfashi da su. Idan aka haska ganyen, bututun yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, sai kyamara ta musamman. Da sinadarin da ake nema ya taɓa shi, sai ƙarfin hasken ya canza. A 2020 sun nuna haka a kan alayyafon turawa, latas da wasu tsirrai.

Amma sanin cewa shuka na cikin wahala kaɗai bai ishi manomi ba. Ruwa zai ƙara, ko feshi zai yi? A nan ne aikin da suka fitar a 2024 ya fi burge ni. Sun haɗa na'ura ta biyu mai gane salisilik asid, sinadarin da ke da dangantaka da maganin asfirin, wanda shuka ke amfani da shi wajen yaƙar cuta. Suka gwada a kan wani kabejin Sin da ake kira pak choi, da matsala iri huɗu: zafi, haske mai tsanani, ƙwayar bakteriya da rauni irin na cizon ƙwaro. Duka huɗun sun sa feroksaid ya tashi, ya kai ƙololuwa cikin awa ɗaya. Salisilik kuwa ya biyo baya cikin awa biyu a zafi da haske da bakteriya, kowanne a nasa lokacin, amma a rauni bai fito ba. Ke nan daga tsarin tashin sinadaran biyu ana iya rarrabe abin da ke damun shukar, alhali ganyenta na nan kore shar.

Akwai kuma wata hanya daga jami'ar jihar Ayowa a Amurka: ɗan manne mai ƙananan allurai da ake liƙawa a bayan ganye, yana auna feroksaid ta hanyar lantarki. An gwada shi a waken suya da taba.

Game da gonarka, ba zan ɓoye maka ba, da sauran tafiya. An yi waɗannan gwaje-gwajen a inda ake sarrafa zafi da haske, matsala ɗaya bayan ɗaya. A Kadawa kuwa cikin watan Maris, zafi da ƙishirwa da ƙwari tare suke afka wa shuka guda, ga ƙura a kan ganye. Kuma ganye ɗaya ba zai ba ka labarin kadada ba. A ganina waɗanda za su fara cin moriyarsa a wajenmu su ne masu inganta iri, irin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, domin zai nuna musu da wuri wane iri ne ya fi jure zafi, ba sai sun jira ƙarshen kaka ba. Ta hanyar irin ne amfanin zai fara iso maka. Duk wanda ya zo maka da wata na'ura yau ya ce ita ce wannan, kada ka ba shi kuɗinka.

Ko da ta iso ma, iyakarta ta ce an ji wa ganye rauni, ba za ta faɗi wanda ya yi ba. Tsutsar Tuta absoluta da ta cinye tumatir a Kano a 2016, tarkon ƙamshi mai jawo namijin malam-buɗe-littafinta ne ke tona zuwanta da wuri. Kafa shi tun daga gadon reno, kuma ka riƙa juya bayan ganye da sassafe kana duba ƙwai da farar hanyar da tsutsar ke bari a cikinsa.