Tausar tafin ƙafa: inda za a sa riyal da inda za a riƙe shi

Tun da aka buɗe Umara ta bana saƙonnin da ke shigo mini rabinsu a kan ƙafa suke. Na ɗauki uku da suka fi kama da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Aikin shagala, wato aikatau, nake yi a wani gida a Jidda, tun asuba ina tsaye har bayan isha'i. Barci ya ƙaurace mini, kaina kullum a ɗaure. Ƙawata ta kai ni wurin masu tausar ƙafa da suke kira rifileksoloji, kuma gaskiya na ji daɗi, a daren na yi barci. Amma da matar ta danna wani wuri na ji zafi, sai ta ce hantata ce ta gaji, wai in biya kuɗin zama goma a dunƙule, riyal 900. Fiye da rabin albashina ne. In biya?

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kada ki biya. Amma kada ki ɗauka zan ce miki daɗin da kika ji ƙarya ne, don ba ƙarya ba ne. Mutumin da ya wuni a tsaye, aka zaunar da shi a wuri mai sanyi babu mai kiransa, aka sa hannu mai ɗumi aka murza masa tafin ƙafa na rabin awa, dole jikinsa ya saki, numfashinsa ya daidaita. Iyayenmu sun san haka tun kafin a zo da dogon suna, shi ya sa tsohuwa ke miƙa wa jikanta ƙafa bayan magariba ta ce zo ka matsa mini.

Inda na rabu da matar nan shi ne maganar hanta. Tsarin da take bi ba daɗaɗɗe ba ne kamar yadda ake tallarsa. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne a Amurka, William Fitzgerald, ya raba jiki gida goma daga kai zuwa yatsun ƙafa, ya fitar da littafi a kai a 1917. Daga baya wata ma'aikaciyar gashin jiki, Eunice Ingham, ta zana taswirar da ake maƙalawa a bango yau, inda babban yatsa ya zama kai, tsakiyar tafi ya zama ciki, ta buga nata littafin a 1938. Har yau masu ilimin sassan jiki ba su ga wata jijiya da ta taso daga wani lungu na tafin ƙafa ta nufi hanta ko ƙoda kai tsaye ba, su kansu taswirorin ma ba su yi ittifaƙi da juna ba. A shekarar 2000 an gwada masu wannan sana'a a Ingila, aka ba su ƙafafun mutane ba tare da an gaya musu ciwon kowa ba, ba su iya gano cutar ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje 18 ya duba, bai samu hujja mai gamsarwa cewa irin wannan tausar tana warkar da wata cuta ba. Gwamnatin Ostireliya ma bayan nata binciken ta cire ta a 2019 daga jerin abubuwan da inshorar lafiya ke samun tallafi a kansu.

To zafin da kika ji fa? Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta, da jijiyoyi da tsoka, kuma taki tana ɗauke da ke awa goma sha wani abu a kan tayil. In aka danna ta da ƙarfi ba ta yi zafi ba ai shi ne abin mamaki. Abin da ya fi ɓata mini rai a irin wannan shi ne tsoron da ake dasa wa mace irinki, wadda ta bar 'ya'ya a gida take tara musu kuɗi da guminta, don kawai a sayar mata da zama goma. Biyan kuɗi a dunƙule cinikin biri a sama ne: in shagon ya rufe ko an canza miki gidan aiki zuwa Riyad, wa za ki kama?

Idan ranki yana so, ki je sau ɗaya a wata ranar hutunki, ki biya na ranar kawai, ki karɓi fatura, wato rasit, ki ɗauke shi a matsayin hutu. Sauran ranaku ga abin da ba ya cin ko sisi: ruwan ɗumi a roba minti goma, ki goge ƙafa, ki shafa man zaitun ko man kaɗanya in kina da shi, ki murza da babban yatsan hannu daga dunduniya zuwa yatsu. Ki daskarar da ruwa a gora ki riƙa mirgina ta da tafin ƙafa in dunduniya ce ke ciwo, musamman irin ciwon nan na takun farko da safe. Sannan ki sayi takalmi mai taushin ciki na zama a kicin, ki bar silifa mai siririn ƙasa. Idan kuma maganar hantar ta tsaya miki a rai, gwajin jini a asibiti ne ke faɗa, kuma kuɗinsa bai kai kusa da 900 ba. Rashin barcin nan da ɗaurewar kai, in sun wuce makonni, su ma ki faɗa wa likita, ko ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya. Wani lokaci ƙarancin jini ne, wani lokaci damuwa ce da kewar gida, kuma duka biyun ana taimaka wa mai su.

Tambaya: Hajiya, ina zaune a Hindawiyya a Makka. Mahaifiyata ta zo Umara daga Kano, tana da ciwon suga shekara da shekaru, kullum tana kukan ƙafarta na mata kamar ana tsira allura. Na ga injin tausar ƙafa mai ɗumama a kanti, ina so in saya mata tsaraba. Wanne ya fi?

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri, ya ba Hajiya lafiya. Amma ka dakata da injin nan tukuna. Wannan tsirar allurar da take ji alama ce da aka sani ta cewa suga ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa, kuma ƙafar da ta kai nan ba ta jin zafi yadda ya kamata. Injin zai iya ƙona ta ko ya goge mata fata ba ta sani ba, gyambon mai suga kuwa ka san yadda yake wuyar warkewa. Haka takalmin nan mai ƙusoshin roba da ake cewa yana danna wuraren lafiya, da kwanon ruwan zafi mai lantarki, duk ba nata ba ne.

Ka kai ta likita ya duba ƙafar kafin ta koma, gwajin minti biyar ne da wani siririn zare. Kuɗin injin ka sa su a takalmi mai rufi da faɗin baki, da safar auduga marar matse ƙauri, da man shafawa na tsagewar dunduniya, amma ban da tsakanin yatsu. Sa'ayi kaɗai ya kai wajen kilomita uku, ga ɗawafi, ga tafiya zuwa masauki. Farin dutsen da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi, amma kwalta da farfajiyar waje da rana wuta ne, kuma kowace shekara akwai masu suga da takalminsu ke ɓacewa su taka ƙasa haka nan su ƙone. Ka saya mata 'yar jakar rataya takalmi. Kowane dare ka duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu da idonka.

Wani abu kuma da ba na so ka manta: bayan zaman jirgi na awa huɗu ko fiye, in ka ga sharaɓarta ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, kada kowa ya tausa ta. Yana iya zama gudan jini, tausa kuwa na iya tura shi huhu. Asibiti kai tsaye.

Idan likita ya ce jijiyoyinta lafiya suke, ko kuma kanka za ka saya wa, to ka duba bayan injin. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Najeriya 50, don haka ka nemi wanda aka rubuta 50/60 a jikinsa. Bakin filogi iri ɗaya ne, mai ƙafa uku. Ka zaɓi wanda ake iya kashe ɗumin daban, mai matakan ƙarfi, mai rigar ciki da ake cirewa a wanke. Kayan lantarki a nan suna da garantin shekara biyu, ka riƙe fatura, in aka yi maka gardama ka kira 1900 na ma'aikatar kasuwanci. Sai dai garantin ba zai bi shi Kano ba, ga nauyi a awon kaya.

Tambaya: Anti, filastar da ake mannawa a tafin ƙafa da dare ta wayi gari baƙi, wai dafin jiki ta zuƙo, gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Madina.

Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa. Garin da ke cikinta ne ke yin baƙi in ya sha danshi. Ki ɗiga mata ruwan famfo ko ki kara ta a tururin tukunya ki gani da idonki. A 2010 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kotu ta hana masu tallar wata irin filastar nan sayar da ita saboda ƙaryar da suke yi. Ɗan'uwanta shi ne kwanon da ake tsoma ƙafa ruwan ya koma ruwan ƙasa: tsatsar ƙarfen da ke ciki ce ke narkewa da gishiri da lantarki, ko babu ƙafa a ciki haka zai yi. Hanta da ƙoda su ne masu tace jini. In kin riga kin saya ta intanet ba ki buɗe ba, dokar Saudiyya ta ba ki kwana 7 ki mayar, ki duba ranar da ta iso hannunki.