Kifi Ya Taso a Ramin Kuza: Feshi ne ko Ruwan Farko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin lambu ne a gefen Bukuru. Mu goma sha biyu ne muke ban ruwa daga wani tsohon ramin kuza, kowa da injinsa. Kabeji, karas da tumatir muke yi. Kwana biyu bayan ruwan farko na bana muka wayi gari kifi ya taso ciki sama, karfasa da tarwada, har da ƙanana kamar yatsa. Yara sun ce tun da yamma suka ga wasu suna juyi a saman ruwa kamar masu maye. Masu fatsa sun ce mu ne da feshinmu. Mu kuma muka ce shekara da shekaru muna feshi ba mu taɓa ganin haka ba. Wa ke da gaskiya? Wanda aka kwashe kuma, za a iya ci ko a yi banda? Daga wani manomi a Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ba ta jira. Kada a ci, kada a yi banda, kada a kai kasuwa, kada ma a jefa wa kare ko kaji. A haƙa rami nesa da ruwa a binne. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba a dogara da ita wajen guba.

Abu biyu ne suka fi kashe kifi a dare ɗaya, kuma kowane da sawunsa. Na farko shi ne ƙarewar iska a cikin ruwa. Takin zamani da kashin kaji da ruwan sama ke wankowa daga lambu suna ciyar da gansakuka, ruwa ya koma kore shar. Da rana gansakuka na saki iska, da dare kuma tana zuƙe ta, shi ya sa irin wannan mutuwa da asuba take zuwa. Ramukan kuza kuma suna da zurfi. Ruwan can ƙasa ba iska a cikinsa, idan ruwan sama mai sanyi ya sauka da ƙarfi sai ya birkita tafkin, na ƙasa ya taso sama. A irin wannan yanayi manyan kifaye ke fara mutuwa, za ka gan su suna haki a saman ruwa, tarwada kuwa ba ruwanta, domin tana iya ɗago kai ta shaƙi iskar sarari.

Kai kuma ka ce tarwada ta mutu, ƙanana sun mutu, an ga wasu suna juyi tun da yamma. Wannan sawun guba ne. Kada ka ji haushina Malam, amma a wannan karon na fi karkata ga masu fatsa.

Juyin nan na san shi. Lokacin ina ɗalibi mun yi gwajin da kusan duk mai karatun kifi a ƙasar nan yake yi: a jera kwantenoni, a saka 'ya'yan tarwada goma-goma, a ɗiga magani daga kaɗan zuwa mai yawa, a zauna ana ƙirga gawa har awa 96, a nemo adadin da ke kashe rabinsu. Kifin yakan fara zabura, ya yi ta karo da bango, jikinsa ya yi yauƙi, sannan ya kasa tsayawa daidai, ya kife. Dangin fiya-fiya suna toshe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa, sai tsoka ta yi ta karkarwa ba hutu. Na yi kwana huɗu ina barci a kan benci saboda ƙirgar dare, kuma har yau ba na son warin fiya-fiya.

Wanda ya fi tsorata ni a lambunan Filato shi ne dangin lamda da saifametrin, waɗanda ake fesa wa kabeji da tumatir saboda tsutsa. Ga mutum da akuya ba su kai fiya-fiya haɗari ba, shi ya sa ake raina su. Ga kifi kuwa bala'i ne, domin ta wurin numfashinsa suke shiga kai tsaye, hantarsa kuma ba ta iya narkar da su da sauri. A gwaje-gwajen wasu kifaye, ƙasa da giram 1 na lamda a cikin lita miliyan 1 na ruwa ya isa ya kashe rabinsu. Lita miliyan 1 kusan cikin tankar mai 30 ke nan. Kwalbar da aka rubuta giram 25 a lita ɗaya kuwa, mililita 40 kacal daga cikinta giram 1 ne. Tarwada ta fi waɗancan kifaye juriya, laka ma tana riƙe wani kaso na maganin, amma ka auna da kanka: mutum goma sha biyu, kowa ya gama feshi ya tsoma tankinsa a bakin ruwa ya ɗauraye. Ga wani abin da ya shafe mu mutanen Jos musamman: wannan dangin magani ƙarfinsa ƙaruwa yake a ruwan sanyi, saɓanin yawancin guba.

To me ya sa sai bana? Duk rani kuna feshi, maganin yana manne a ƙurar ƙasa da magudanun lambu da kwalaben da aka yar. Ruwan farko ya tattaro na wata biyar ya juye a rami a sa'a guda, a daidai lokacin da injinanku suka ja ruwan ya yi ƙasa, babu mai yawan da zai surka shi.

Maganar cewa ba ku taɓa gani ba kuwa, nan ne nake so mu ɗan zauna. Kifin da ya taso shi ake gani, amma bincike ya nuna ɓarnar da ta fi girma ba ta tasowa. A Jafan akwai tafkin Shinji, kewaye da gonakin shinkafa. A 1993 manoman wurin suka fara amfani da imidakulofirid, maganin ƙwari da ake sayarwa a shagunanmu ma. Maganin bai kashe kifi kai tsaye ba. Amma ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci, waɗanda ido da ƙyar yake gani, sun ragu da kashi 83 cikin 100, kuma kamun wani ƙaramin kifi da masuntan wurin ke rayuwa a kansa ya faɗo daga tan 240 a shekara zuwa tan 22. Yunwa ce ta gama da shi. Sai a 2019 masu bincike suka wallafa alaƙar, bayan shekara 26. Ka tambayi tsofaffin masu fatsar nan nawa suke kamawa shekara goma da suka wuce, nawa suke kamawa bara. Ka duba kuma ko mazari yana shawagi a bakin ruwan kamar dā, don tsutsarsa a ruwa take girma.

Akwai kuma mai taruwa a jiki. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya an zuba DDD, maganin ƙwari ɗan'uwan DDT, a 1949 da 1954 da 1957 don kashe wasu ƙananan ƙudaje. Bai wuce kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan ba. Ƙananan halittu suka sha, kifi ya ci su, tsuntsaye masu nutso suka ci kifi, suka yi ta mutuwa. Da aka auna kitsensu, an sami ninki 80,000 na abin da ke cikin ruwan. Gamalin da wasu marasa tsoron Allah ke zubawa a rafi don kwasar kifi daga wannan babban gida ya fito, kuma tun 2009 yarjejeniyar Stockholm ta saka sinadarinsa cikin waɗanda duniya ta amince a daina. A nan, mu ne tsuntsayen.

Ba cewa nake ku bar feshi ba. Na san abin da tsutsa ke yi wa kabeji cikin mako guda. Ku ɗebi ruwa a bokiti ku je can tudu ku haɗa magani, can kuma za ku wanke tanki. Kwalba in ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tanki a fesa a gona, a huda ta don kada yaro ya mai da ita gorar ruwa. In hadari ya haɗu a ajiye feshi. Ku bar 'yan taku na ciyawa tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ruwa, in da hali ku dasa jema, saiwarta na tare laka. In ya sake faruwa, a ɗebi ruwa a kwalbar gilashi mai tsabta da kifin da bai ruɓe ba, a saka a ƙanƙara, a kai sashen kifi na ma'aikatar gona ko jami'a a ranar, don wasu magungunan ba sa daɗewa a ruwa.

TAMBAYA: Malam, muna yara a Anguwan Rogo kukan kwaɗi ba ya barin mu barci da damina. Yanzu shiru. Shi ma maganin ne? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Hajiya, a cikin gari babban dalili gini ne: an cike fadamu, abin da ya saura kuma, irin su rafin Dilimi, ya zama mazubar bola da baƙin mai da ruwan wankin mota. Amma magani ma da hannunsa, domin fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa. A 2002 Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoton cewa ɗan mitsitsin atarazin, maganin ciyawar masara, ya sa wasu mazan kwaɗi sun tashi da kayan haihuwar mata. An yi ta jayayya a kan sakamakon, amma Tarayyar Turai ta hana atarazin a 2004 saboda yana gangarawa ruwan ƙarƙashin ƙasa. A gilaifoset kuma, wani maganin ciyawar, sabulun da ake haɗa shi da shi don ya kama ganye ya fi shi kansa kashe talibambam. In kina son jin kukan nan, ki fita wajen Lamingo bayan magariba a watan Yuli.