Yaya zan tokare furen daliya ba tare da sanduna sun ɓata mini garka ba?

Tambaya: Malam, wata ƴar'uwata ta kawo mini saiwar daliya daga waje. Ina so in jera ta a bakin garkar gidana a unguwar Birni, nan Damagaram, amma an ce sai da tokari, ni kuwa ba na son in leƙo in ga sanduna tsaitsaye. Mece ce dabara?

Amsa: Hajiya, gaskiya aka faɗa miki. Karan daliya kogo ne a ciki, furen kuma da nauyi, iskar hunturu ta yini guda ta isa ta kwantar da ita. Amma kafin tokari, ki kula da lokaci. Asalinta tsaunukan Meziko ne, sanyi-sanyi take so, ba za ta jure zafin Afrilu da Mayu ba, lokacin da muke haura digiri 40. Ki dasa a farkon Nuwamba, inda hantsi ke samu, inuwa kuma ta rufe da azahar.

Dabarar ita ce tokari ya riga shuka shiga ƙasa. Ki haƙa rami na santimita 10 zuwa 15, ki kafa sandar tukuna, sannan ki kwantar da saiwar, mai kama da dankali, a gindinta. Wanda ya bari sai ta girma ya zo yana soka sanda, saiwar yake hudawa, daga nan kuma sai ruɓa. Kada sandar ta wuce kashi biyu cikin uku na tsayin da shukar za ta kai, ganye zai haɗiye ta. Da ma gajerun ranakun sanyi kan sa daliya ta yi fure da wuri, ba ta cika tsawo a nan ba.

Ni abin da na fi so shi ne busassun rassan sabara ko geza masu yatsu. Ki kakkafa uku ko huɗu kewaye da kowane gindi, kawunansu na karkata ciki. Tana tasowa za ta ratsa tsakaninsu ta jingina, ko ɗauri ba ta bukata, launinsu kuma ya saje da ƙasa. Karan hatsi kam ki bar shi, gara yake kira. Idan rodi kika samu, ki shafa masa koren fenti, ki ɗaure da igiyar rama sakwa-sakwa, igiyar ta gitta tsakanin kara da ƙarfen don kada zafinsa ya ƙone ta.

Idan ta kai santimita 30, ki tsinke kan tohon. Za ki ji kamar ɓarna ce, amma a nan take yin rassa, ta cika ta tsaya da ƙarfinta. Ki bar santimita 50 tsakanin gindi da gindi, ki ja zana ta gefen gabas da arewa inda iska ke bugowa. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan har sai toho ya fito, sannan ki ƙara.