Kukan Mage a Bakin Ƙofa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, wata mage ce kullum tsakar dare take zuwa bakin ƙofar ɗakina tana kuka kamar jariri. Maƙwabta sun ce turo ta aka yi, wai in sa mata shinkafar ɓera a abinci. (Uwargida daga Gusau)

Amsa: Hajiya, ba wanda ya turo ta. Macen mage in lokacin barbararta ya yi haka take kuka, ta kwashe kusan mako guda, ta huta mako biyu ko uku ta sake, har sai ta ɗauki ciki. In ba wannan ba, yunwa ce ko sabo. A ba ta abinci bayan isha'i nesa da ɗakin, kuma ko ta kwana tana kuka kada ki buɗe, don buɗewar ce ke koya mata dawowa. In taki ce, likitan dabbobi zai yi mata aikin hana haihuwa, kukan barbarar ya ƙare. Shinkafar ɓera kuwa, kul! A gidan da yaro ke rarrafe, ba lallai mage ce za ta fara kai wa kwanon hannu ba.

Tambaya: Da gaske ne haɗiye gashin mage na kawo tarin tibi? (Ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: A'a. Tibi daga tarin mai cutar ake shaƙarsa. Amma mage na iya tayar wa mai asma ciwonsa, kada ta kwana ɗakinsa.

Tambaya: Ɗana mai shekara shida ya fita korar wani muzuru da ke damunmu da kuka, ya cije shi a hannu. Kakarsa ta shafa masa toka da barkono, ta ce ai ba kare ba ne. Yau kwana uku, ciwon ya fara bushewa. (Magidanci daga Zariya)

Amsa: Malam, ajiye abin da kake yi ka kai yaron nan asibiti yau. Ba gobe ba.

Abin tsoron shi ne ciwon haukan kare, kuma sunansa ne ke ruɗar mutane. Gaskiya ne kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, amma mage ma na ɗauka, musamman muzurun da ke yawon dare yana faɗa a bola. Cutar na cikin yawunsa. Tana shiga ta cizo, ko ta yaƙushin da ya fasa fata, ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata biyu ko uku take bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Don haka bushewar ciwon ba ta nuna komai. Ranar da mutum ya fara firgita da ganin ruwa, maƙogwaro na shaƙewa, magani ya ƙare. Kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da ita duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Toka da barkono fa? Ina girmama Iya, amma wannan azabtar da yaro ne kawai. Na gaji da ganin ciwon da aka cusa wa man birki, ko ƙasa, ko ƙonannen gashin dabbar. Abin da ya kamata a yi tun daren shi ne a wanke da sabulu, ana kwarara ruwa minti 15 cur. Ko yanzu a wanke, sannan a tafi.

A asibiti za a fara masa allurar rigakafi, yawanci ranar farko, ranar 3, ranar 7, da ta ƙarshe tsakanin ranar 14 da 28. In cizon ya yi jini, akwai wata allurar daban da ake yi a kewayen ciwon, ka tambaya. Na san da tsada, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba, to a nufi babban asibiti. Kada a yi biyu a daina don yaro na wasa. Haƙorin mage siriri ne, yana nutsa ƙwayar cuta can ciki, don haka in hannun ya kumbura ko ya yi zafi a koma nan take.

Muzurun kuma kada kowa ya kama shi da hannu. A lura da shi daga nesa kwana goma. In muryarsa ta sauya, yana dalalar da yawu, yana jan ƙafafun baya, ko ya mutu, a sanar da likitan dabbobi. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Ka kai shi yau, Malam.

Tambaya: Ina da ciki wata huɗu, sai na kori magena? (Amarya daga Kano)

Amsa: Ba sai kin kore ta ba. Kashinta ne ke iya ɗauke da cutar da ke taɓa ɗan tayi. Wani ya riƙa kwashewa kullum, ki wanke hannu sosai, ki wanke ganyen da za ki ci, nama ya dahu, kuma kada ki fasa zuwa awo.