Tambaya da Amsa: Goyo a Baya, Wasa a Dandamali

Wasiƙun wannan fitowa daga 'yan wasan kwaikwayo na Kebbi da Zamfara suka zo, dukkansu masu ƙananan yara. Masu shirya wasan dandamali da ma'aikatan jinya na ɓangaren yara ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ina da goyo ɗan wata biyar, da yayarsa 'yar shekara uku. Darakta ya ba ni babban matsayi a wasan da za a nuna nan da mako shida. Ana kiran gwaji bayan la'asar, amma sau da yawa sai gab da magariba ake farawa, in dawo bayan isha'i in tarar yaro ya yi kuka har ya gaji. Maigida ya fara nuna ba ya so. In haƙura da wasan har in yaye?
*Wata 'yar wasa, Birnin Kebbi*

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki yi saurin ajiye wasan. A cikin awa huɗun da kike kwashewa a wajen gwaji, da wuya ki yi awa ɗaya da rabi a tsaye kina aiki. Sauran lokacin jiran waɗanda ba su iso ba ne, da kallon fitowar da ba ki ciki. Wannan zaman shi za a yanke.

Ɗauki takardar wasan ki ƙirga fitowa nawa ke ciki. Ki ja layi a takarda ɗaya, sunayen 'yan wasa a gefe, lambar kowace fitowa a sama, ki yi alama a duk inda mutum zai shiga. A ce wasan fitowa 12 ne, ke kina cikin 7. Kai wa darakta takardar, ki roƙi a tara fitowarki a kwana uku cikin mako, a kira ki ƙarfe 4:30, a sallame ki ƙarfe 6:00. Sharaɗin da ke sa tsarin ya ɗore guda ne: lokaci na cika a fara da wanda ya zo, wani ya karanta maganar wanda bai iso ba. In aka tsaya jiran mutum ɗaya sau biyu, an koma gidan jiya.

Ke kuma naki alƙawarin shi ne hadda. Ɗauki muryarki a waya kina karanta maganganun abokan wasanki, ki riƙa yin shiru daidai tsawon taki maganar. Sai ki kunna lokacin wanke-wanke ko shayarwa, kina cike gurbin. Minti 20 bayan asuba, kafin yara su tashi, ya fi awa guda da dare kina gyangyaɗi. Ki ajiye takarda kafin mako na uku ya ƙare, domin mai riƙe da takarda ba a iya tsara masa tafiya da tsayuwa a dandamali, kuma shi ne ke ja wa kowa tsawon gwaji.

Sai batun nono. Har ya cika wata shida, nono zalla yaronki ke buƙata, ko ruwa ba a ba shi. Idan gwaji awa ɗaya da rabi ne, ba sai kin tatsa ba: shayar da shi ya ƙoshi gab da fita, ki sake ba shi da kin dawo. Makon ƙarshe ne ke da wuya, lokacin da ake gwada wasan daga farko har ƙarshe da kaya da fitila. Saboda shi, ki fara koyon tatsa tun saura mako biyu, kada ki bari sai ranar. Wanke hannu da sabulu, ki tatsa cikin kofi mai murfi da aka tafasa. Mililita 90 zuwa 120 kan ishi sha ɗaya. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba, amma ɗakunan Birnin Kebbi sun fi haka zafi a mafi yawan shekara, balle bazara da ake haura 40. Don haka ki sa shi cikin kula da ƙanƙara, inda zai iya kai kwana ɗaya. A firji yana kai kwana huɗu, in wuta ba ta yankewa. In tana yankewa, kular ta fi aminci. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin cikin kwanon ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, domin bulumboti wuyar wankewa gare shi, kuma ƙazantarsa na jawo gudawa. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen mai riƙon yaro. Ya yi kuka, tausayi ya kama ta, ta ɗura masa ruwa ko kunu. Ki faɗa mata ƙarara tun farko, ko da Inna ce ko Gwaggo, cikin ladabi amma ba kwana-kwana. Ke ma kada ki bari nono ya cika ya yi tauri don kina kan aiki. Daga nan ake samun ciwo da zazzaɓi. Ki tatsa kaɗan lokacin hutun tsakiyar wasa, ki sa tsumma mai tsabta cikin riga don kada ya ɓata kayan wasa, ki kuma gaya wa tela ya yi miki rigar da ke buɗewa ta gaba.

'Yar shekara ukun tana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, da mutum ɗaya da ta saba da shi. Babba za a bar wa su, ba 'yar raino mai shekara bakwai ba, kuma a samu mutum na biyu da zai karɓa ran da ta farko ta sami uzuri. Kada ki sulale ki fita ba ta gani ba. Ki ce mata, "Zan dawo kafin a kira magariba," ki kuma dawo. Yaron da aka saba yi wa ɓatan dabo shi ne ke maƙale wa zanen uwa kullum.

Maigida kuwa, nuna masa takardar nan: ranakun gwaji, lokacin dawowa, ranar wasa, da wanda zai rako ki gida. Ki gaya masa gaskiya cewa makon ƙarshe akwai dare biyu ko uku da za ki makara. Galibi rashin sanin lokacin dawowa ne ke ɓata ran miji fiye da wasan kansa. In darakta ya ƙi tsarin, ra'ayinmu ki mayar masa da babban matsayin, ki karɓi ƙarami ko ki koma wasan rediyo har yaro ya fara cin abinci.

Tambaya: Ni ɗan wasa ne, kuma ni ke kula da lasifika da fitila. Muna fita wasan wayar da kai zuwa Ƙaura Namoda, Talata Mafara da Tsafe, wani lokaci mu kwana uku. Sallama ba ta zuwa kan kari. Iyalina na da yara biyu, ƙaramin wata biyu, tana cewa na bar mata komai. Ya zan yi?
*Wani magidanci, Gusau*

Amsa: Malam, uwargida na da gaskiya, kuma gyaran tun kafin ka hau mota yake farawa. Kada ka karɓi aiki sai an rubuta kwana nawa, nawa za a biya, da ranar biya. Ka nemi rabi kafin tashi, kuɗin mota da abinci kuma su zama daban da sallamarka, in ba haka ba za ka cinye ladanka a hanya. A gida ka bar abincin kwanakin tafiyar da ƙarin kwana biyu, da kuɗin asibiti a hannunta, tsaba. "Zan turo" ba ta da amfani a ƙauyen da babu sabis. Ka kuma yi magana da ɗan'uwa ko maƙwabci mai abin hawa wanda zai kai su asibiti ko da tsakar dare ne.

Aikin wasa zuwa yake a tare, ya ɗauke a tare: bayan kaka da lokutan sallah akwai shi, tsakiyar damina sai a hankali. Duk sallamar da ta shigo ka kasa ta uku, kashin cefane, kashin hatsi da za a saya da kaka lokacin da yake araha, da kashin adashi ko ajiya da ba a taɓawa sai don lafiyar yara.

Ɗauko katin rigakafin jaririn ka kwafe ranakun a wayarka. Bayan na haihuwa, akwai na mako 6, mako 10 da mako 14, sai na wata 9 da na wata 15. Waɗannan ranaku ka fara dubawa kafin ka amsa wa kowa tafiya, kuma kai ka kai su. Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, ana rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro gida-gida ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ma'aikaci ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku iyaye ake bar wa, kuma nan ake mantawa. In kana hanya, ka buga waya ka tuna.

Hanyoyin Zamfara ba na tafiyar dare ba ne. A tashi da hantsi, a gama wasa kafin la'asar, in lokaci ya ƙure a kwana. Ran da ka dawo, kada ka zarce majalisa. Karɓi babban yaron wuni guda, wankansa, abincinsa da kai shi makaranta, mai jego ta samu ta runtsa.

Tambaya: An gayyaci ƙungiyarmu wasa lokacin bikin kamun kifi. Ba ni da wanda zan bar wa ɗiyata 'yar wata 18. Zan iya ajiye ta bayan labule?
*Wata uwa, Argungu*

Amsa: Za ki iya, ƙanwata, amma sai da babban mutum wanda ba shi da wani aiki a wasan face riƙon ta. "Kowa zai sa ido" ma'anarsa ba wanda zai sa. Bikin Argungu, wanda aka faro tun 1934, cunkoso gare shi, ga kogin Matan Fada kusa, kuma mai wata 18 tafiya take yi, ba ta san tsoro ba.

Bayan labule akwai abubuwa huɗu da ke cutar da yaro. Janareta ya kasance a fili, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa cikin barci. Wayoyin wuta a ɗaga su sama ko a rufe, fitilar dandamali kuma zafi take yi sosai. Lasifika: in sai kin ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanki ya ji, ƙarar ta fi ƙarfin kunnen yaro, a matsar da ita can baya. Na huɗu akwatin kwalliya. Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, kuma ba wani adadinta da ba ya illa ga ƙwaƙwalwar yaro. Mutanen yankin nan ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. A rufe akwatin, kada a shafa wa yarinya komai daga ciki, ki kuma wanke hannu da fuska kafin ki ɗauke ta.

Ki tafi da tabarma, tafasasshen ruwa a gora, abincin gida, da fakitin gishiri da sukari na ORS. A nema mata inuwa. In wasan dare ne, a kwantar da ita cikin gidan sauro a masauki, kada a kawo ta fili.

Tambaya: Ni ke shugabantar ƙungiya. Mata uku na da goyo, kuma sabon wasanmu na buƙatar jariri da yaro ɗan shekara huɗu a dandamali. Me kuke shawarta?
*Wani darakta, Yauri*

Amsa: Jaririn a naɗe 'yartsana cikin zane, a ɗauki kukan a waya a saki ta lasifika; daga layi na uku ba mai bambancewa. Ɗan shekara huɗun a nemi izinin iyayensa, a sa fitowarsa a farkon wasa don ya tafi barci, kada ta wuce minti uku, maganarsa jimla ɗaya ko biyu. A koya wa yara biyu su riƙa karɓa-karɓa, domin yaro kan ƙi fita ranar wasa ba dalili. Ba a tsorata shi ko a mare shi don a sami kukan gaske.

Ga matan uku, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya hutun haihuwa mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. 'Yan ƙungiya galibi ba ma'aikatan albashi ba ne, dokar ba lallai ta hau kansu ba, amma ma'auni ne mai kyau, ka ɗauke shi. Ku yi karo-karo ku ɗauki dattijuwa ɗaya ta riƙe yaran a ɗaki kusa da wajen gwaji, kada su wuce uku a hannunta in duk na goyo ne.

Kowace uwa a ba ta 'yar ko-ta-kwana da ta haddace matsayinta, a kuma gwada ta aƙalla sau biyu da sauran 'yan wasa, ba a bar ta da takarda kawai ba. Ku amince tun yau kan alamomin da in an gani babu shawara: jijjiga, ƙin kama nono ko kasa sha, amai da duk abin da aka ba shi, numfashi da sauri ko haƙarƙari na lotsawa, barcin da ba a iya tayarwa, ko zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata uku ba. In ɗaya ta bayyana, uwa ta wuce asibiti, 'yar ko-ta-kwana ta sa kaya, sallamar daren kuma a raba musu biyu kamar yadda aka rubuta tun ranar rabon matsayi.