Wane kare ya fi dacewa, Shih Tzu ko Pomeranian, a gida mai yara kanana?

Malama, tunda kin ce yaranki basu kai shekara 5 ba kuma kuna da makwabta kusa, ni dai Shih Tzu zan ce ki dauka. Pomeranian karami ne sosai, da kyar yake wuce kilo 3, kashinsa siriri, yaro ya dauke shi ya kubce masa daga kan kujera ma kafa zata iya karyewa, ga shi da haushi, ko motsin kofa yaji sai ya tada gida.

Shih Tzu ya fi jiki, kilo 4 zuwa 7, ga hakuri da yara. Amma fa gashinsa aiki ne wallahi, in ba a taje kullum ba sai ya dunkule a bayan kunne da hammata har fatar ta yi ciwo, gara a rika yi masa aski gajere. Sannan hancinsa a lotse yake, zafi na wahalar da numfashinsa, kar a fita dashi da rana tsaka. Idonsa ma a rika goge masa don yana yawan hawaye.

Kafin ki biya ki nemi ganin uwarsa da katin rigakafi.