Wai Malalar Mai Tana Taɓa Ƙaguwar Alaska?

Tambaya: Malam, wai manyan ƙaguwan nan da masunta ke kamawa a Alaska suna sayarwa da tsada, tunda can ƙasan teku suke zama, malalar ɗanyen mai za ta same su kuwa?

Amsa: Sosai ma ɗan'uwa. Uwar takan riƙe ƙwai kusan shekara guda, in ta ƙyanƙyashe 'ya'yan sai su taso sama suna yawo cikin ruwa wata biyu zuwa uku, toh nan ne mai yake kashe su, kuma wani man yana nutsewa ya manne da laka inda manyan ke kiwo, ga lokacin saɓa jikinsu laushi tiɓis. Kuma wa zai sayi ƙaguwa mai warin mai? Mutanen can ba su manta jirgin dakon mai Exxon Valdez da ya malalar da ɗanyen mai a tekun Alaska a 1989 ba. A 2014 Obama ya hana haƙar mai a Bristol Bay, wani yankin tekun Alaska da ke babbar matattarar jar ƙaguwa, ɗaya daga cikin manyan ƙaguwan nan.